Ba Azara, Ba Kwano: Kwana Huɗu a Boromo

Ranar da aka sauke rufin soron mahaifina a Zariya aka buga kwano, shinkafa aka dafa a gidanmu. Ina ɗan shekara tara ko goma. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna ɗaga kai sama suna cewa, "Alhaji, Allah ya sanya alheri," shi kuwa yana murmushi irin na wanda ya aurar da 'ya. Azarar da kakana ya ɗora da hannunsa aka jingine ta a bayan gida, sannu a hankali ta ƙare a murhu. Da bazara ta kama, sai Alhaji ya naɗe tabarmarsa ya koma kwana a zaure, wanda shi kaɗai ya rage da rufin ƙasa, ya bar mu muna dahuwa a sabon ɗaki. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, mu ma ba mu da bakin tambaya.

Wannan tabarma ce ta faɗo mini a rai sa'ad da wani abokina, mutumin Maraɗi, mai zanen gine-gine a Yamai, ya ce in zo in raka shi Burkina Faso. Wai akwai wata ƙungiya a wani gari da ake kira Boromo, tana koya wa manoma rufa ɗaki da ƙasa zalla, ba azara, ba katako, ba kwano, ba ko ƙusa ɗaya. Na ce masa ni jikan masu soro ne, na san rufin ƙasa ba ya tsayawa sai da itace a cikinsa. Ya ce to, gani ya kori ji.

A watan Maris muka tashi, shekarun baya, tun hanyar ba ta zama abin tsoro ba kamar yadda ta koma daga bisani. Da asuba motar safa ta tsallake kogin Kwara ta nufi Torodi, muka yi dogon tsayuwa a Makalondi ana buga takardu, sannan Kancari, Fada Ngurma, Kupela. Tun da abin da ya fito da ni ke nan, sai na ƙi kallon komai sai rufin ɗakuna. Ƙauye bayan ƙauye, kwano ne a kan bangon laka, an danne shi da duwatsu da guntayen bulo don kada iskar farkon damina ta yi gaba da shi. Wani ya yi tsatsa ya koma kalar goro, wani sabo yana walƙiya har sai ka kau da kai. A gefen titi kuwa amalanken jakuna ne jere, an lafta musu itace, duk sun fuskanci birni.

A Wagadugu kwana ɗaya muka yi. Na nemi a kai ni Zangwatin, tsohuwar unguwar fataken Hausawa, sai aka nuna mini wasu benaye da filaye, aka ce nan take kafin a rushe ta a 2003 don faɗaɗa cibiyar kasuwancin birnin. Na tsaya na ɗan yi shiru, babura suna ta wuce ni, sannan muka tafi neman abinci.

Boromo tana kan babban titin da ya haɗa Wagadugu da Bobo-Julaso, kusan tsakiyar tafiya, ba nisa da kogin Muhun. Galibin matafiya tasharta kaɗai suka sani: mota ta tsaya, mata su yanyame tagogi da kantun riɗi da burodi da soyayyar kaza, a yi fitsari, a yi salla, a wuce. Mu kaɗai muka sauke jakunkunanmu. Wani mai tsire da ya ji muna Hausa ya bar wutarsa ya zo ya kama hannuna biyu, ashe mutumin Konni ne, ya shekara da yawa a nan. Da muka faɗa masa abin da ya kawo mu sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, tun daga Zariya don ka ga ɗakin laka?" Ya haɗa mu da ƙaninsa, wani saurayi mai jin Julanci, ya zama tafintana, don Faransancin abokina ba ko'ina yake shiga ba.

Sunan ƙungiyar Association la Voûte Nubienne, wato ƙungiyar rufin ƙasa irin na Nubiya. Mutum biyu suka kafa ta a shekarar 2000: Thomas Granier, magini Bafaranshe, da Séri Youlou, manomi ɗan yankin. Tun 1998 suka soma gwaji a Boromo. Dabarar ba tasu ba ce, ba su kuma taɓa cewa tasu ba ce. A Luksor ta ƙasar Masar har yau akwai rumbunan haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu, an rufa su da bulon laka ta wannan hanya, sun haura shekara 3,000. Mutanen Nubiya da ke kudancin Masar suka riƙe sana'ar, har Hassan Fathy, mai zanen gine-ginen nan, ya ɗauko maginansu daga wajen Aswan ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da su a shekarun 1940. Abin da mutanen Boromo suka yi shi ne sun sauƙaƙa ta, suka yanke mata duk wani ƙawa, suka mai da ita awo ɗaya, tsari ɗaya, yadda wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya koya ya kuma koyar. Daga Boromo abin ya bazu zuwa Mali, Senegal, Benin da arewacin Gana. A 2016 aka ba su kyautar World Habitat.

Na sha halartar tarukan "gini mai kare muhalli" a manyan otal-otal, inda ake zama cikin sanyin na'ura har sai ka nemi rigar sanyi, ana nuna hotunan benayen gilashi da suka samu takardar shaida daga Turai ko Amurka. Don haka na zaci zan tarar da irin waɗannan mutane. Ofishin da muka shiga shi kansa ginin ƙasa ne, da rufi mai lanƙwasa kamar cikin kwale-kwalen da aka kife. Babu na'urar sanyi. Waɗanda ke jan ragamar aikin 'yan ƙasar ne: masu ilmin gini, masu lissafin kuɗi, masu yawon wayar da kai a ƙauyuka, da tsofaffin magina da suka zama masu horarwa. Babura ne a ƙofa, duk sun yi ja da ƙura. Wata mata cikin jagororin, mai magana a tsanake, ta ba mu ruwa a moɗa ta zaunar da mu.

Tambayar farko da na yi ita ce gida nawa suka gina wa talakawa. Abokina ya fassara, ta girgiza kai. Su ba sa gina wa kowa gida, ba sa kuma raba gida kyauta. Aikinsu shi ne su shiga ƙauye su samu mutumin da ake jin maganarsa, su nemo mutum biyu ko uku masu son ɗaki, su turo magini gwani, shi kuma ya ɗauki samarin ƙauyen a matsayin almajiransa. Mai gida ne zai kawo ƙasa da ruwa da duwatsu, shi da danginsa za su buga bulo, shi zai ciyar da magini ya biya shi. Bayan 'yan shekaru almajiri ya zama magini, ya samu nasa masu kira, ya ɗauki nasa yaran. Taken aikinsu kalmomi uku ne: rufi, sana'a, kasuwa. A lissafinsu, ƙauyen da aka yi nasara shi ne wanda mutum zai tashi ya je gidan maginin unguwarsu su yi ciniki su gama, ba wanda ya ko tuna da ofishin Boromo.

Na juya wannan magana a raina. Ƙungiyoyin da na sani a gida, in suka gina ko rijiya ce, allon da ke ɗauke da sunansu ya kan fi rijiyar tsawon rai. Ga wasu kuma suna aiki tuƙuru don a manta da su.

Washegari muka hau babura zuwa wani ƙauye inda ake rufa ɗaki. Rani ne lokacin aikin, an gama girbi, hannu ya samu sarari, bulo kuma yana bushewa da wuri. Na tarar an riga an ɗaga bango. Ɗakin dogo ne, mai kusurwa huɗu. Harsashinsa na duwatsun marmara ne, bangon gefe biyun kuma kaurinsu santimita 60, har yaro zai iya kwanciya a kai. Faɗin cikin ɗakin bai wuce mita uku da ɗan kai ba, wannan doka ce da ba a karya ta. Tsawo kuwa sai yadda ƙarfinka ya kai.

Daga bangon ƙarshe na gabas zuwa na yamma an ɗaure waya, ta bi tsakiyar ɗakin miƙe. A jikin wayar akwai zobe mai zamewa, an ɗaura masa igiya. Wannan igiya ita ce injiniyan wurin gaba ɗaya. Magini ya ja ta, inda ta ƙare nan bulo zai zauna. Bulon rufin ƙanana ne, masu faɗi marasa kauri, kamar ƙaramin littafi: santimita 24 a tsawo, 12 a faɗi, 4 a kauri. Layin farko ba a tsaye ake jera shi ba, a kishingiɗe ne, ya jingina da bangon ƙarshe. Na biyu ya jingina da na farko, na uku ya jingina da na biyu, kamar sahun mutane da kowa ya kwantar da kai a bayan na gabansa. Yaro ya cillo bulo daga ƙasa, magini ya cafe, ya shafa kwaɓaɓɓiyar laka, ya manna, ya ɗan buga da gefen tafin hannu, ya saki. Ni dai kowane bulo ya saki sai na ja da baya ina jiran ya faɗo. Ba ya faɗowa. Babu katako a ƙarƙashinsa, babu tokari, iska ce kawai, ga kuma mutum a tsaye yana ta ɗora masa 'yan'uwa. In an kusa kan rufin sai a ɗan tsananta lanƙwasar ta yi tsini kaɗan, a nan ido da gwaninta suke karɓar aiki daga hannun igiya.

In rufi ya haɗe, sai a cike kafaɗunsa biyu da ƙasa har sama ta daidaita, a shimfiɗa leda, a sake rufe ta da yaɓe don kada rana ta cinye ta, a fitar da indararo. Ledar nan ita ce kusan abu ɗaya da ake sayowa daga kanti. Saman ya zama wurin shanya hatsi da kwana lokacin zafi, mai hali kuma yana iya ɗora bene.

Babban maginin dattijo ne siriri, da hula ta yi ja da ƙasa. Na gaishe shi na ce, "Baba, sannu da aiki." Ta bakin tafinta na tambaye shi ko bai taɓa jin tsoro ba. Ya ce rufinsa na farko, da aka gama, mai gidan ƙin shiga ya yi, sai da shi maginin ya hau sama da yaransa duka suka yi ta tsalle, sannan ya sauko ya kwana a ciki shi kaɗai. Da safe aka zo duba gawa aka tarar yana shan koko. Kafin wannan sana'a, in rani ya yi, Kwaddebuwa yake tafiya aikin gonar koko, wato na cakulan, ya dawo da kuɗin kwano. Yanzu ya daina tafiya. Yaransa biyu kuma, da a ce ba ya riƙe su a nan, da suna ramin haƙar zinariya.

Sai ya juyo da tambayar kaina. "Ɗana, a ƙasarku da me kuke rufi?" Na gyara tsayuwa na ba shi labarin Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da bakan gizo da ɗaurin guga, da yadda ake jera azarar giginya ana ɗaure ta ana lulluɓe ta da ƙasa har ta yi baka. Na gaya masa muna da sarautar Sarkin Magina. Abokina ya ƙara da masallacin Yama na jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya soma a 1962, ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Dattijon ya saurara har muka ƙare, ya jinjina kai. Sannan ya ce, "To kai naka ɗakin fa?" Na ce kwano ne da silin. Bai ce komai ba, ya miƙa hannu aka cillo masa bulo.

A daren nan muka kwana a ɗakin baƙi mai irin wannan rufi. Ba zan ce sanyi ne kamar na randa ba, Maris Maris ne ko'ina. Amma da azahar, lokacin da ɗakin kwano ke korar ko kaza, a nan mutum na iya kwanciya ya yi barci. Bangon mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi. Akwai kuma shiru. Na manta rabon da in ji ɗaki mai shiru haka, ba ƙarar kwano yana miƙa da rana, ba ƙadangare yana tsere a kansa. Na kwanta ina kallon layukan bulo a kishingiɗe, sai ƙamshin zauren Alhaji ya dawo mini.

Muka raba dare muna gardama da abokina. Shi a wurinsa lissafi ya riga ya gama magana. Azara ta yi wuya saboda giginya ta ƙare, ba yau aka fara kukan itace ba: tun zamanin Thomas Sankara, a 1985, Burkina ta shelanta yaƙi da saran itace barkatai da ƙunar daji da sakin dabbobi. Kwano da katako da ƙusa duk da tsabar kuɗi ake sayensu, kuɗin kuma birni yake tafiya ko ƙetare, alhali kuɗin rufin ƙasa a ƙauye yake zama, a aljihun magini da mai amalanken ruwa. Siminti kuwa, masana'antarsa kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa. Ya tuna mini cewa a Nijar ma an soma irin wannan gini marar itace tun 1980 a Cikal, yankin Filinge. Ya kawo misalin Francis Kéré, ɗan Gando a nan Burkina, wanda makarantar da ya gina wa ƙauyensu da bulon ƙasa a 2001 ta ci kyautar Aga Khan a 2004.

Na ce duk na yarda, amma Alhaji bai sauke soronsa don ya kasa lissafi ba. Ya sauke shi ne don duk shekara kafin damina sai an hau an yi yaɓe, don gara, don ɗigar da ke sa a kwana ana jera kwanoni, don kuma abokansa na kasuwa duk sun buga kwano. Rufin Boromo ya kawar da gara, tun da babu itacen da za ta ci, leda kuma ta rage ɗiga. Amma yaɓe yana nan, wanda ya yi sakaci da shi zai gani. Ɗakin da faɗinsa bai wuce mita uku da kaɗan ba, amaryar zamani da gadonta da kujerunta da kabat ɗinta za ta yi tsaki. A birni, inda ake sayar da fili da taku, bango mai santimita 60 cin fuloti ne. Ga ruwa: buga dubban bulo a ƙauyen da mata ke kwana a bakin rijiya ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen ƙungiyar ba su ɓoye ko ɗaya cikin waɗannan ba da na tambaye su, shi ya sa ma na ƙara yarda da su.

Abin da ya fi duka wuya, a ganina, ba ya cikin awo. Kunya ce. A rana ta uku tafintana ya kai mu gidan wani ɗan kasuwa da ya gina ɗakuna uku masu rufin Nubiya a jere. Daga waje ba za ka taɓa ganewa ba: ya sa an shafe fuskar gidan da siminti, an ja layuka a jiki kamar na bulo, an yi fenti shuɗi. Ya shigar da mu ciki yana ta yabon sanyin ɗakin, yana cewa tsohuwarsa ta daina ciwon kai tun da ta dawo nan. Na tambaye shi dalilin layukan. Ya yi dariya ya ce yana da 'ya'ya maza da za su nemi aure.

Da na ba jagorar nan labarin, na zaci za ta ɓata rai. Sai ta ce ai hakan ma daidai ne, shafen yana kare bango daga ruwa in an yi shi yadda ya kamata, kuma duk ƙauyen sun san abin da ke ƙarƙashin fentin. Shi ya sa su 'yan ƙungiyar suke murna in mai kuɗi ko liman ko maigari ya gina, suke kuma son a yi masallatai da coci-coci da ajujuwa da ɗakunan shan magani da wannan rufi. Talaka ba ya son a ce masa ga gini na talakawa. In ya ga mai hali ya shiga, shi ma zai shiga. Na lura ba ta ambaci sauyin yanayi ba ko sau ɗaya a duk hirarmu, sai da ni na tayar da zancen. Wannan magana ce ta masu ba da tallafi a Turai. A ƙauye, abin da ake faɗa wa mutum shi ne kuɗin kwanonka ka sayi tinkiya da shi, kuma iska ba za ta yaye maka ɗaki da tsakar dare ba.

Ban samu ganin giwayen dajin Deux Balés ba, ko da yake kowa na cewa ga su nan kusa. Ranar da za mu tafi na koma wurin dattijon don sallama. An rufe ɗakin, yara suna sama suna cike kafaɗu. Na roƙe shi bulo ɗaya cikin ƙananan da suka rage, ya zaɓo mai kyau ya goge shi da gefen rigarsa ya ba ni. Na naɗe shi a cikin rawani na sa a jaka. Mai tsiren Konni ya ƙunsa mana nama a takardar buhun siminti, ya ƙi karɓar ko dala.

A Makalondi, da muka shigo ɓangaren Nijar, aka sauke kaya ana bincike. Wani jami'i ya ɗaga jakata ya ji nauyi, ya warware rawanin a hankali, ya juya bulon gaba da baya, ya ƙwanƙwasa shi, ya kai hanci ya shinshina.

"Malam, mene ne wannan?"

Na ce, "Ƙasa ce, ranka ya daɗe."

"Me ke cikinta?"

"Ba komai. Ƙasa ce da ruwa."

Ya kalli takardata, ya kalle ni, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa. Sannan ya miƙo mini abina yana dariya, ya ce, "Ikon Allah. Ta ƙare ne a Zariya?"